Ɗalibin da Ya San Littafi Amma Ya Daburce a Gaban Gado

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki game da ɗalibin gashin ƙashi ɗan ajin ƙarshe da aka turo miki horon asibiti, wanda kika ce yana cin jarrabawar makaranta amma da an tsayar da shi gaban majinyaci sai ya daburce, ga shi wa'adinsa ya kai rabi, kina tunanin ko ki kayar da shi ko ki kawar da kai ya wuce. Na daɗe ina karɓar ɗalibai a nan Kumasi, mafi yawansu daga KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke garin, wasu daga Jami'ar Ghana da ke Korle Bu, wasu daga jami'ar kiwon lafiya ta Ho, don haka bari in faɗi abin da aiki ya nuna mini.

A ganina lokacin yanke hukunci bai yi ba, domin har yanzu ba ki san inda yaron yake tsayawa ba. Mu kanmu idan majinyaci ya ce ƙafarsa ba ta aiki ba ma tsayawa a nan, sai mun gwada ƙarfin tsoka, mun auna lanƙwasar gaɓa, mun duba ko jijiya ce ko ciwo ne ko tsoro. Ki yi wa ɗalibin haka. Ki zaɓa masa majinyaci ɗaya mai sauƙin lamari, ki koma gefe da takarda, ki bi shi da ido tun daga gaisuwa har zuwa rubuta rahoto, kada ki ce uffan sai idan kin hango haɗari. Abin da ki ke nema shi ne daidai wurin da aikin ya kakare masa.

Mafi yawan waɗanda na gani suna kakarewa ne tsakanin tattara bayani da yanke shawara. Za ki ga yaro ya cika shafi biyu da tarihin mai shanyewar ɓarin jiki, ya rubuta hawan jini da ciwon suga da magungunan da yake sha, amma idan kika tambaye shi abin da za a yi yau sai ya fara karanto miki duk hanyoyin da ke cikin littafi. Irin wannan ba ƙarin karatu yake buƙata ba. Kafin ya taɓa kowane majinyaci ina sa shi ya amsa mini tambaya uku a tsaye: mene ne babbar matsalar wannan mutum a yau, me za ka yi a kanta, kuma da me za ka gane gobe cewa abin da ka yi ya amfana? Idan ya ce rashin ƙarfi, sai in ce rashin ƙarfin ya hana shi me? Da ya kai ga cewa ya hana shi tashi daga gado zuwa bayan gida, to shirin magani ya fito da kansa. Ni ma idan ina aiki a gabansa nakan riƙa faɗin tunanina a fili, saboda ɗalibi yana ganin hannun malaminsa amma ba ya ganin dalilin da ya sa hannun ya je can.

Wasu kuma tunaninsu daidai ne, hannu ne bai faɗa ba. Ma'aunin ƙarfin tsoka na 0 zuwa 5 kowa ya haddace shi, amma da yawa suna rikita 2 da 3 don kawai ba su kwantar da majinyaci yadda ya dace ba, alhali bambancin shi ne ko gaɓar tana iya ɗaga nauyin kanta har ƙarshen motsi ko sai an ɗauke mata nauyin. Wannan gyaransa mai sauƙi ne: ya maimaita a jikin abokin karatunsa bayan an tashi, kina riƙe da hannunsa kina gyara masa wurin kamu.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne lafiyar majinyaci. Na taɓa ganin ɗaliba ta kama shanyayyen hannun wani dattijo za ta ja shi ya zauna, ba ta tuna cewa kafaɗar da tsokarta ta saki tana iya gocewa ba. Keken da za a sa shi kuma ba a danne birkinsa ba, jakar fitsari na rataye a ɗaya gefen gadon. Na dafa hannunta na ce mu sake shiri, bayani kuma sai da muka fita. Ki duba ko ɗalibinki yana auna hawan jini kafin ya tayar da wanda ya daɗe a kwance, kuma ya san cewa idan lambar sama ta awon ta ragu da 20 ko ta ƙasa ta ragu da 10 cikin minti uku da miƙewa to dalili ne na a mayar da mutum ya zauna. Ki duba ko yana karanta umarnin likitan ƙashi a kan nauyin da aka yarda a ɗora wa ƙafa bayan tiyata. Wanda yake da jinkiri amma yana kiyaye waɗannan, akwai fata sosai a kansa.

Kada kuma ki manta da harshe. Yaron da ya taso a Wa ko Bolgatanga, can arewacin Ghana, ya zo ɗakin da galibin marasa lafiya Tonanci, wato harshen Asante, suke ji, shirunsa ba jahilci ba ne. Ki sa ya rubuta jimlolin da muke maimaitawa kullum, irin su ɗaga hannu, tura, zauna, akwai zafi, ya haddace su, sannan ki fara haɗa shi da mutanenmu na unguwannin Aboabo da Asawase idan yana jin Hausa, ya ɗan sami gindin zama. Akwai kuma kunya, wadda 'ya'yan Zango ba sa iya faɗa: yarinya ta ji nauyin buɗe cinyar namiji sa'an babanta, ko saurayi ya kasa dafa ƙugun mace. Ki koya musu neman izini da baki, da jan labule, da rufe duk inda ba a aiki a kai, da ajiye nas ko mai jinya a wurin.

Sauran kuwa matsalarsu tana wajen asibiti. Wanda ya kwana yana neman kuɗin mota, ya maƙale a cunkoson kasuwar Kejetia, ya iso bai karya ba, ba zai tuna komai ba. Ki tambaye shi a keɓe yadda gida yake. Idan kika ga alamar damuwa mai tsanani ko rashin barci, ki haɗa shi da masu ba da shawara na jami'arsa, kada ki ɗauki wannan nauyin ke kaɗai.

Duk abin da kika gano, ki faɗa masa a wannan makon, ku biyu, ba gaban majinyaci ko 'yan uwansa ba, ba kuma a zagayen ɗaki inda abokansa ke tsaye ba. Ki guji cewa ba ya ƙoƙari. Ki ce ranar kaza, a gado kaza, ka tayar da Baba ba ka auna jininsa ba. Ku rubuta abu biyu ko uku da ki ke son gani sun canza, da ranar da za ku sake zama, ku sa hannu, ki kuma sanar da malamin da ke kula da horon asibiti a makarantarsu tun yanzu. Ba adalci ba ne yaro ya fara jin cewa yana cikin matsala ranar da aka miƙa masa takardar sakamako. Ki rage masa yawan marasa lafiya na ɗan lokaci, ya bi ƙalilan tun daga farko har sallama, sannan ki riƙa ƙara masa a hankali.

Idan an yi duk wannan, wa'adi ya cika, kuma har yanzu ba za ki iya juya baya ki bar shi da majinyaci ba, to ki rubuta gaskiya ki ba da shawarar ya maimaita wannan zangon. Wasu kan ce ai akwai shekarar horo bayan digiri, can zai gyaru, amma a can ido ya fi ƙaranci a kansa, kuma hukumar Allied Health Professions Council, wadda dokar 2013 mai lamba 857 ta ɗora wa ba mu lasisi, tana gina amincewarta ne a kan digirin da sa hannun irinmu ya tabbatar. Idan kin yi zaman kallon da na ambata, ki dawo nan ki gaya mana inda ya tsaya, sai mu duba irin majinyatan da ya kamata ki fara ba shi. Allah ya taimaka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.