Amsa: Tawadar Allah a kafaɗa, a cire ko a bari?

'Yar'uwa, kin ce tun yarinta kike da tawadar Allah a kafaɗa, kina tambaya ko a cire. In ba ta canza ba, ki bar ta. Yawancinsu ba su da illa. Amma in ta fara girma, faɗinta ya wuce milimita 6, launinta ya rarrabu, ko tana ƙaiƙayi da zubar jini, ki je Asibitin Yariman Bakura a Gusau, likita ya duba. In ya yanke ta, a kai ta ɗakin gwaji.

Don Allah kada ki kai wa wanzami, kada kuma ki ɗaure ta da zare. Tabon kafaɗa yakan kumbura ya yi tudu, musamman a baƙar fata irin tamu, kuma yana da wuyar magani.