Ka tsane cukun kafin sukari ya taɓa shi

Ka ce za ka gasa kalitsuniya, ɗan gashin fulawar nan mai cuku da sukari a ciki, a gida don bikin Ista, kuma kana tambaya ko za ka iya juye cukun daga robarsa kai tsaye cikin kwano, ka zuba sukari, ka cika kwaɓin, tunda ka ga wani yana yin haka a waya. A'a, ɗana, ba a yin haka. Ajiye wayar nan ka saurara, don sau ɗaya zan faɗa.

A tsibirin Kirit na ƙasar Girka, inda abin ya fito, da ɗanyar mizitra ake yin sa, wato cuku mai laushi da ake dafawa daga ruwan da ya rage bayan an kwashe cukun farko na nonon tumaki ko awaki. Mutanen Sardiniya a Italiya suna da nasu, pardulas, da rikota, wani cuku mai laushi irin mizitra, da za'afaran da ɓawon lemu. Girkawa kan yi kusan mako bakwai na azumi ba ƙwai ba nono, sai Ista ya zo a Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ciyawa ta fito nono ya wadata, shi ya sa cukun ne ke da girma a wannan gashi, fulawar riƙo kawai take yi. In ba ka sami mizitra ba, sayi rikota. Ka dai kula, akwai busasshiyar mizitra mai gishiri da ake gogawa a kan taliya, wannan ba ta shiga aikinmu.

Rikota ta cikin roba, fiye da kashi 70 cikin 100 nata ruwa ne. In ruwan nan ya shiga tanda, hanya biyu gare shi. Wani ya nutse ƙasa ya jiƙa gindin kwaɓin, gefe ya gasu, gindi ya zauna ɗanye. Wani kuma ya zama tururi ya tura bakin da ka matse har ya buɗe, cukun ya malale a tire ya ƙone.

Wannan ruwan ne ya taɓa jawo wa shagon nan asarar da har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata mata ta ba da aikin guda 300 na bikin gidansu, ta kafe cewa ita za ta kawo cukun, wai namu bai kai nata ba. Ba ta kawo ba sai da yammacin jajibere, alhali da sassafe za ta ɗauka. Na buɗe, na ga ruwa ya taso a sama, na murza tsakanin yatsu na ji tsaki-tsaki. Na tambaye ta a gaban yarana ko cukun nan ya taɓa shiga firiza. Ta rantse da safen nan ta saya. Na ce ko da haka ne sai ya kwana yana tsanewa, ta ce ba ta da wannan lokacin, in yi kawai, ta ɗauki nauyin duk abin da ya fito. Muka matse shi a ƙyalle iya ƙarfinmu, har ya yi kamar ya bushe. To amma cukun da ya daskare ya narke, ƙanƙara ta riga ta farfasa jikinsa, ba ya sake riƙe ruwa. Ka matse yanzu, da ya ji sukari da zafi ya sake saki. Tire bayan tire yana fitowa da gindi a jiƙe, ruwa na tafasa a gefe. Da safe ta zo, ta ɗaga ɗaya, ta juya shi, ta ce ita ba za ta biya kuɗin ɓarna ba. Tana faɗa, yaranta suna loda tirorin a mota. Ba ta bar ko guda ɗaya ba. Fulawa tawa, man zaitun nawa, ƙwai, wuta, da barcin yara da suka kwana a tsaye, duk sun tafi, har tirorina biyu ba su dawo ba. Daga baya mai aikinta ta faɗa wa yaron shagon nan cewa cukun ya yi wata biyu a firiza, kuma baƙinta sun cinye kayan tas. Allah ya isa kawai na ce. Tun daga ranar cukun wani bai sake shiga tandata ba, kuma ba a kunna mini wuta sai rabin kuɗi ya shigo hannu.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Sayi cuku giram 700, wanda bai ga firiza ba. Shimfiɗa ƙyalle mai shara-shara, mai tsabta, a cikin rariya, ɗora rariyar a kan kwano, juye cukun, naɗe, aza faranti a kai da wani abu mai ɗan nauyi. Ya kwana a firji, awa 8 zuwa 12. Da safe ka auna giram 500. Gwajin ba wuya: ɗebi cokali ɗaya ka ajiye a kan takarda, ka jira minti biyu. In ya tsaya da siffarsa, takardar ba ta yi zoben jiƙa ba, ya yi. In ya baje, mayar da shi rariya.

Kwaɓin kuwa: fulawa giram 500, sukari giram 100, man zaitun mililita 100, yogot mara zaƙi giram 100, ƙwai 2, bekin hoda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan. Da sikeli nake magana, kada ka kawo mini zancen kofi. Yadda ake haɗa su ba zan tsaya koya maka ba, ka gani a nan har ka gaji. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne hannu. Da zarar ya haɗu ya daina manne wa yatsa, ka tsaya. Ku yaran yanzu kun ɗauka kowane kwaɓi na burodi ne, sai ku yi ta dannawa. In ka cika murza shi, danƙon fulawa ya tashi, ka yanka da'ira ta tsuke, ka matse baki ya warware a cikin tanda. Rufe shi ya huta rabin awa. Kuma kada ka ƙara bekin hoda don kana son ya tashi. Wannan ba kek ba ne, in ya kumbura da yawa matsin bakin ɓacewa yake.

Sai kwaɓin ya gama hutawa, ka murza, ka yanka, sannan ka taɓa cukun. Dalili: sukari yana jan ruwa daga duk abin da ya zauna a kai. Cukun da ka sha wahalar tsanewa, in ka haɗa shi da sukari ka bar shi awa biyu, za ka dawo ka tarar ya saki kamar ba ka yi komai ba. To a giram 500 ɗin nan ka sa sukari giram 100, ƙwai 1, garin semolina babban cokali 1, ɓawon lemu guda da aka goga, koren saman ko jan saman kawai ban da farin ciki mai ɗaci, da kirfa rabin ƙaramin cokali. Ƙwan ne ke ɗaure shi in ya ji zafi, semolina kuma ta shanye ɗan ruwan da ya rage. Da cokali mai yatsu za ka juya, a hankali. Na san kana da injin buga ƙwai a gida kuma hannunka na ƙaiƙayi. Kada ka kusance shi. Iska yake cusawa, cukun ya tashi a tanda ya yi tozo, ya fito ya faɗa ya bar rami.

Kaurin murzawa milimita 3. Da'ira mai faɗin santimita 8 zuwa 9, bakin kofin gilashi ya isa. Wannan awon zai ba ka kamar guda 30. A tsakiyar kowace ka ɗora cuku kamar giram 20, ka bar santimita ɗaya da rabi a gefe ba komai. Ɗaga gefen ka matse da yatsa biyu wuri shida zuwa takwas a kewaye, ya zama ɗan ƙoƙo mai buɗaɗɗen sama. Matsi na gaske nake nufi, har ka ji ɓangarorin biyu sun zama ɗaya. In fulawar barbaɗe ta yi yawa a kan kwaɓin ba zai kama ba, sai ka shafa ɗan ruwa da yatsa. Son ka burge mutane zai sa ka so cika shi har baki. In ka yi, kai za ka kankare tire.

Jera su a kan takardar gashi da tazarar yatsa biyu, ka sa tiren a firji minti 15. Mutane na raina wannan minti 15, ni kuwa da shi nake gane wanda ya iya aiki, don kwaɓin da ya shiga wuta da sanyinsa yana riƙe siffarsa kafin mai ya sassauta shi. Shafa ruwan ƙwai sama-sama, kada ya taru a kwarin matsin.

Tanda ta yi zafi tun kafin, digiri 180, ko 165 zuwa 170 in mai fanka ce. Layin tsakiya, tire ɗaya a lokaci guda, domin tandar gida ba ta da ƙarfin biyu. Minti 20 zuwa 25. Yawancin tandar gida gefe ɗaya ya fi zafi, don haka ka juya tiren a minti na 15, kafin nan kada ka buɗe ƙofa. Agogo ba shi zai ce maka ya gasu ba. Ɗaga ɗaya ka duba gindinsa: ya yi ruwan zuma, ya bushe, ka ƙwanƙwasa da farce ka ji tauri. In sama ya yi kyau gindi fari, sauke tiren zuwa layin ƙasa na tandar minti 3. In kuwa ka ga cukun ya tsattsage yana fitar da ruwa a gefe, gashin ya wuce kima, ƙwan ya ƙulle ya matse ruwan waje, kuma ba shi da gyara.

Minti 5 bayan fitowa ka kwashe su daga tire zuwa kan raga, in ba haka ba tururinsu zai jiƙa gindin da ka sha wahala a kai. Kirfa ko zuma a kai sai sun huce. Kada ka rufe su da ɗumi. In sun yi sanyi sarai, a roba mai murfi a firji za su kai kwana 3 zuwa 4, ka ɗumama su minti 5 a digiri 150 kafin a kai gaban mutane. Ista ranar Lahadi yake, don haka ka tsane cuku daren Juma'a, ka gasa Asabar. Kuma Litinin ina son in gan ka a nan da guda biyu a hannu, in juya gindinsu in gani.