Ragona ya kumbura bayan na ƙara masa gero, jakina kuwa lafiya lau

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Daga unguwar Birni nake rubutowa, nan Damagaram. Na sayi ragon balami don layya, na ga bai cika ba, sai na shiga ba shi jiƙaƙƙen gero da ragowar tuwo safe da yamma. Tun shekaranjiya ya daina tuƙa, kwiɓinsa na hagu ya tashi, yana zawo mai warin tsami, yana cizon haƙora. Mai sayar da magani a kasuwa ya ba ni kafso, ya ce in buɗe in ɗura masa. Abin da ya ɗaure mini kai, jakin amalankena yana cin geron nan bai kumbura ba. Ko sammu ne? Hankalina a tashe yake.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba shi lafiya. Tun kafin ka ƙarasa karatun nan, je ka ɗauke kwanon geron daga gabansa, kafson kuma ka ajiye shi. Babu sammu a nan, babu kambun baka. Alamomin da ka lissafa na tsamin tumbi ne, kuma yana kashe rago cikin kwana 1 zuwa 3 idan ya yi tsanani.

Kai makiyayi ne, ka san tuƙa, ba sai na koya maka ba. Abin da mutanenmu suka ƙi yarda da shi shi ne, harawar da ka zuba ba ragon ne yake narkar da ita ba. Ƙwayoyin halitta ne da ke zaune a tumbinsa, biliyoyi a cikin ƙaramin cokali guda na ruwan tumbi. Su suke ruɓar da ciyawa, su fitar da sinadaran da ke ba dabbar kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta. Suna aiki ne idan ma'aunin tsamin tumbi (wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru) yana tsakanin 6 da 7, kuma yawun da rago yake haɗiya wajen tuƙa shi ne yake riƙe ma'aunin. Gero da tuwo ba sa bukatar tuƙa, sai yawu ya ragu. Ƙwayoyin da ke son hatsi su hayayyafa cikin ƴan sa'o'i, ma'auni ya faɗi ƙasa da 5, masu cin ciyawa su mutu, tumbi ya tsaya cak, gyatsa ta ƙi fita, ruwan jini ya dawo cikin tumbi. Shi ya sa za ka ga cikinsa cike da ruwa, idanunsa kuwa sun faɗa.

To, ga inda raina yake ɓaci. Duk shekara, da layya ta matso, sai mutane su ɗauka cikin rago irin na mutum ne: abin da ya ƙosar da kai zai ƙosar da shi, maganin da ya tsayar maka da zawo zai tsayar masa. A kan wannan tunanin masu tallar magani a tire suke cin abinci. Mutum bai taɓa sa kunne a kwiɓin dabba ya saurari motsin tumbi ba, kwalayensa sun sha ranar Damagaram har sun koɗe, amma shi ne zai ce maka "ba shi biyu da safe, biyu da dare". Kafson nan na kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma bai san na cuta da na amfani ba. Ka zuba shi barkatai a tumbin da ya riga ya jikkata, ka ƙarasa ƴan kaɗan ɗin da suka rage. Akwai lokacin da likita kan yi amfani da irin wannan magani, amma bayan ya duba dabbar, ya zaɓi nau'i, ya auna nauyinta. Sannan ga ɗura kanta. A danne rago, a ɗaga kansa sama, a tura masa bakin kwalba yana kuka, ruwa ya bi maƙogwaro ya sauka huhu. Na sha ganin ragon da ya tsallake kumburi ya mutu da ciwon huhu bayan ƴan kwanaki. Mafi muni shi ne wanda zai zaro wuƙa ya huda kwiɓi wai a saki iska. A wannan ciwon ruwa ya fi iska yawa. Ruwan tumbi ne zai malale a kogon ciki ya ruɓe. Kowa yana ganin tiren nan a bakin kasuwar dabbobi, babu mai ce musu uffan, sai an yi asara a rugo wurinmu.

Jakinka kuwa gininsa daban ne. Shi da doki ba sa tuƙa, kowannensu tumbi guda ɗaya gare shi, ƙarami. Na doki bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Gero yakan fara narkewa a ƙaramin hanji, ruɓar da ciyawa kuwa a can baya take faruwa, a babban hanji. Saboda haka ya fi rago jure ɗan hatsi, amma kada ka saki jiki. Idan geron ya fi ƙarfin ƙaramin hanji, ya zarce baya ya yi tsami a can, jaki kuma ba ya amai. Sai ka gan shi yana birgima don ciwon ciki, ko kofatansa su yi zafi ya kasa taka ƙasa. Rage masa shi ma.

Yau ɗin nan ka nemi likitan dabbobi ko ma'aikacin ofishin kiwo. Ragon da ya kwana biyu a haka yakan bukaci ƙarin ruwa ta jijiya da maganin kashe tsami, wani lokaci har da ruwan tumbin lafiyayyar dabba da aka yanka yanzu-yanzu a mahauta, a tace shi da ɗuminsa, a saka masa da bututu don ƙwayoyin su sake kafuwa. Kafin ya iso, ka ajiye masa busasshiyar ciyawa, ruwa kaɗan-kaɗan ya sha da kansa, in yana iya tashi ka riƙa zagayawa da shi a inuwa. Kanwa tana rage tsami, gaskiya ne, amma likita zai auna maka.

Idan Allah ya tashi kafaɗunsa, harawa da ciyawa ne gaba, dussa da hatsi a baya, a fara da tafin hannu a riƙa ƙarawa cikin mako 2 zuwa 3. In kuma ka riga ka ba shi kafson, ka faɗa wa likita sunansa da ranar, domin kowane irin maganin nan yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka, naman layya kuwa iyalinka da maƙwabta ne za su ci.