Akwatinka na farko: abin da za ka saya a kasuwar Dole da abin da za ka bari

Wani saurayi daga unguwar Zango a Damagaram ya rubuto: “Malam, ina son in haɗa ɗan akwatin katako da hannuna, in riƙa ajiye takardun lakwal. Ban taɓa riƙe zarto ba. Na tara jika 20, kuma abokina ya ce in zuba su duka a injin yankan katako na hannu, wai aikin zai fi sauri. In saya?”

Ƙanena, bar injin nan inda ka gan shi. Akwati ɗaya yanka takwas ne ko goma, zarto zai gama su kafin shayi ya tafasa sau biyu. Inji kuwa sai da wuta, ga shi ba ya tambayar wanda bai saba ba kafin ya ɗauke masa yatsa. Abin da ke ɓata akwatin ɗan koyo awo ne da ɗanyen katako, kuma babu injin da ke maganin ko ɗaya.

Ranar Alhamis ka shiga kasuwar Dole ka nemi zarto mai ƙananan haƙora, guduma madaidaiciya, mitar awo, fensir, ƙusoshi masu tsawon santimita 4 ko 5, farin gam na katako, da samfefa mai lamba 80 da mai lamba 120. Sai sukwaya, ƙarfen nan mai kusurwa da ake duba daidaiton yanka da shi. A kanta nake so ka tsaya ka yi ciniki da natsuwa, domin akwai karkatattu da yawa a kasuwa. Ka ɗora ta a gefen miƙaƙƙen katako ka ja layi, ka kifa ta ka sake ja a wuri guda. In layukan biyu sun hau juna, biya. In sun buɗe baki kamar almakashi, ajiye masa abarsa.

Yanzu katako. Kusan duk falankin da ake sayarwa a Damagaram daga kudu yake zuwa, daga ƙasashen kurmi, kuma masu sayarwa sun raba shi gida biyu: fari da ja. Farin, wanda yawanci icen da ake kira obece ne a Najeriya, samba a Kodebuwa, wawa a Gana, ba shi da nauyi, zarto na shigarsa kamar sabulu, ƙusa ba ta cika tsaga shi ba. Shi ne naka. Jan ya fi kyau da ƙarko, amma ya fi tsada da tauri, kuma kuskure a kansa ya fi ciwo a aljihu.

Sai dai ka kula da ruwan da ke cikinsa. Katakon da ya taso daga inda ake ruwa wata bakwai ko takwas, in ya iso garin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, dole ya tsotse. Kuma a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa yake lanƙwashewa kamar kwarya. Ni ma ya taɓa yi mini. Na sayi falanki a watan Agusta wurin wani mai katako da ya rantse mini ya bushe, na haɗa wa mahaifiyata adaka a kwana biyu ina ta jin kaina. Da iskar hunturu ta kaɗa, murfin ya ɗaga gefe ɗaya har ana zura ɗan yatsa, ƙura ta cika mata zannuwa. Ba ta ce komai ba, ta dai ɗora masa dutsen niƙa. Saboda haka ka ɗaga falankin ka ji: in ya yi nauyi fiye da girmansa, ko ka ji sanyi a tafin hannu, ɗanye ne. Ka sa ido ta bakinsa ka hango tsawonsa ko ya murɗe. Wanda ka saya ka kwantar da shi a inuwa, ka sa ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya yi mako biyu ko uku. Kada ka shanya shi a rana, tsagewa zai yi.

Ga awon da zai dace da takardunka. Takardar ofis santimita 21 ce da kusan 30. In kaurin katakonka 2 ne, yanka dogayen gefuna biyu 40-40, gajerun biyu 24-24, gajerun su shiga tsakanin dogayen. Cikin zai ba ka 36 da 24, takarda ta kwanta ba tare da ta naɗe ba. Ƴan koyo sukan manta da kaurin katakon, su gama aiki su tarar littafi ba ya shiga. Ka shafa gam, ka ɗaure akwatin da tsohuwar robar cikin tayar babur da ka yanka siri-siri, tana matsewa da kyau kuma kyauta ce. Kafin gam ya kama, kuma a zafinmu ba ya jira, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo ɗaya, akwatin ya tsaya daidai. Sannan ƙusa. Ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe kafin ka buga ta kusa da bakin katako, hakan na rage tsagewa. Ka bar shi ya kwana kafin ka taɓa shi da samfefa.

Wata baiwar Allah daga Birni ta ce ɗanta zai haɗa mata akwatin ajiye turaren wuta da humra, amma gara ta taɓa cinye mata kabad, tana tambaya ko ta sa a sayo filawud, wato fallen da ake yi da siraran katako da aka manne su kan juna.

Hajiya, gara ba ta jin kunyar filawud, tana cin sa kamar yadda take cin farin katako. Amfaninsa dabam ne: bai cika lanƙwashewa da sauyin yanayi ba, don haka ya dace da gindin akwati da murfi. Fallensa babba ne, santimita 244 da 122, ya fi ƙarfin akwati ɗaya, gwamma yaron ya je shagon kafinta ya sayi ragowar yanka. Ƙusa ba ta kama bakinsa da kyau, don haka gefunan akwatin su zama na katako. Maganin gara kuwa shi ne akwatin kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bangon laka. A yi masa ƴan ƙafafu, ko a ɗora shi kan tebur, a riƙa ɗaga shi ana dubawa, musamman da damina. In kina da hali, icen maɗaci ko loko sun fi jure ƙwari. Kuma a shafa fenti ko banish a waje kawai, cikin a bar shi haka nan, in ba haka ba warin zai shiga turarenki.

Na uku ya tambaya ko zai iya amfani da katakon da ake ɗora buhuna a kai a manyan motoci, tunda araha ne.

Za ka iya, kuma yawanci ya riga ya bushe. Ka duba hatimin da ke jikinsa. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba laifi. In ka ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, bar shi, haka ma wanda mai ko taki ya jiƙa. Ka zare tsofaffin ƙusoshin duka, har da guntayen da suka karye a ciki, domin ɗaya tak ta isa ta zubar wa sabon zartonka haƙora.