Waye Yari da ake cewa gidansa?

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana tambaya: tunda gwamnatin Kano ta ce za ta mayar da kurkukun Kurmawa gidan tarihi, shin "gidan yari" kalmar Turawa ce, ko kuwa wani mutum ne ake kira Yari?

Malam, ba sunan yanka ba ne, sarauta ce. Yari shi ne bafaden da sarki ke danƙa wa tsaron ɗaurarru, shi ya sa aka jingina masa gidan, kamar yadda ake cewa gidan alƙali ko gidan ma'aji. Kalmar ta girmi Turawa. Da suka ci Kano a 1903 sun tarar da kurkukun sarki, har shugabansu Lugga ya bayyana ƙuncin gidan a rahotonsa. Abin da suka yi shi ne suka gina sabo a Kurmawa a 1910, kusa da fada, suka bar shi a hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Ginin na zamaninsu ne, sunan kuwa namu ne tun fil azal. A irin waɗannan gidaje na En'e aka riƙa tsare 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a shekarun 1950, kuma sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe su.

Abin da Turawa suka bar mana a baki shi ne "fursuna", daga kalmarsu ta Ingilishi, da "gadurum" na barikin soja. Kafin nan Bahaushe "ɗan sarƙa" yake cewa, don da sarƙa a ƙafa yake ganin mai laifi. Ni dai na fi son wannan, domin ba ta ɓoye komai ba.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce su "gidan kaso" suke cewa, ko kuskure ne? Ko kaɗan, Hajiya. "Kaso" daga Faransanci ta zo, kalmarsu ce ta ɗan ƙuntataccen ɗakin da ake kulle mutum. Kada a haɗa ta da "kaso" na rabon gado ko na riba, kama ce kawai ta lafazi. Kowa da Baturen da ya mulke shi, to harshe ma ya nuna.

Sai mai tambaya kan "talala mai kamar sake". Asalinta daga kiwo ne. Ana ɗaure akuya ko doki da doguwar igiya, ya yi ta kiwo yana yawo, yana ganin kamar an sake shi, sai ya kai ƙarshen igiya ta fizgo shi. Daga nan aka samo "ɗaurin talala", wato a tsare mutum a gidansa ko a garinsu, babu katanga babu gandiroba, amma ba shi da ikon fita. Ana kuma faɗa wa mai zalunci da yake ganin ya sha, alhali jinkiri kawai aka yi masa. Waƙafi daban ne: tsarewa ce kafin alƙali ya yanke hukunci.

Game da "gidan gyaran hali" da kuke ji a rediyo, sabuwa ce, ta biyo dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yarin Najeriya suna. 'Yan jarida sun karɓe ta, amma jeka Kasuwar Kurmi ka tambayi inda aka kai wane. Za a ce maka yana gidan yari, ko a yi ƙasa da murya a ce yana gidan maza.