PLL yana kamawa da safe, da rana ya saki

Ɗan'uwa, ka ce PLL ɗin da ka haɗa, wato zagayen lantarki da ke sa bugun agogo ya bi wata mitar tushe, yana kamawa lafiya da asuba, amma da rana ta take sai bugun agogon ya fara rawa. Ina zargin zafin Bauchi ne ya taɓa ƙarfin zagayen, wato ƙarfin da yake gyara bugun da shi in ya kauce.

Ƙarfin nan ya dogara da wutar famfon caji (sashen da ke tura wuta ko janye ta don gyara bugun) da yadda VCO (sashen da ke samar da bugun gwargwadon boltin da aka ba shi) ke amsa kowane bolt, a raba da N, lambar da ake raba mitar VCO da ita. Amsar VCO ce ba ta da alƙawari: a hunturu daban, a Afrilu da zafi ke kai digiri 40 daban. Gyaran kai-da-kai aikinsa ke nan. Guntun PLL ɗin (chip) zai ba VCO bolt iri biyu, ya ƙirga bugunsa a kowanne, ya gane bambancin, sannan ya daidaita wutar famfon. Amsa ta ninka, wuta ta koma rabi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi gyaran sau ɗaya lokacin kunnawa, allo da sanyinsa, shi ke nan. A matatar da ke tace boltin da ke zuwa VCO kuma sa kafasita irin C0G, don irin X7R na sauyawa da zafi. Faɗin zagayen, wato iyakar saurin da yake bin canji, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na mitar tushe.

In ya ƙi, nemi malaman lantarki na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) su duba maka da osiloskop, don maltimita ba ta ganin wannan rawar.