Ku Tambaya Mu Amsa: Kai yara bakin teku daga Garwa

Tambaya: Salam Anti, ni da maigida muna so mu kai yaranmu uku Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, a motarmu lokacin hutu, shi ya dage wai sai mun kwana a tanti bakin teku, ni kuma gabana faɗuwa yake. Ya kike gani? Maman yara, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tafiyar fa doguwa ce, daga Garwa sai Ngaundere, ku bi ta Meiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa har Yawunde, sannan Edeya kafin Kribi, da yara a baya kar ku yarda ku yi ta a yini ɗaya, ku kwana a Bertuwa ko Yawunde. Ku je a Disamba ko Janairu lokacin da ruwa ya ɗauke, don damina a can ba irin tamu ba ce.

Maganar tanti kuwa, ki bar maigida ya yi abinsa amma a harabar otel mai maigadi, ba a fili kawai ba. Gidan sauro dole ne, sauron can ba ya wasa. Yaranmu kogin Binuwai suka sani, shi teku yana ja da ƙarfi, ko ruwan iya gwiwa ne ki riƙe hannun ƙaraminku.

Ku leƙa Lobe inda ruwa ke faɗowa kai tsaye cikin teku, kusa da gari yake. Kuma ki ci jatan lande gasasshe, ni dai har yanzu ina tunawa.